Mun Je Dajin Falgore: Amsa Ga Masu Tambayar Ko Mun Ga Zaki



Falgore biyu ce a Jihar Kano, kuma gara mu raba su tun yanzu, domin 'yan Rogo na makarantar nan sun dame mu da tsokana, wai mun ɓarnatar da kuɗin mota, da mun yi magana da sun kai mu a bayan babur. To, ba su yi ƙarya ba. Akwai Falgore a ƙaramar hukumar Rogo, mazaɓa ce guda kamar Zarewa da Beli da Fulatan. Amma wadda Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ziyarta ita ce ta kudancin jiha, wato gandun dajin nan da ya shiga ƙananan hukumomi uku, Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mayar da shi gandun namun daji. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a sa shi cikin dazuzzuka 10 da za a ɗaga su zama gandun ƙasa, tare da dajin Kogo na Katsina da Baturiya ta Jigawa da sauransu.

Sai tambayar 'yan aji ɗaya, wadda suke tare mu da ita har a layin karɓar abinci: "Yaya, kun ga zaki?" Ba mu gani ba. Giwa ma ba mu gani ba, mai son giwa sai ya tara kuɗin zuwa Yankari. Mun dai ga jan biri, mun ga zabin daji, mun ga cilakowa, mun ga sawun gada a kan rairayi. Idan namun daji kaɗai kuke son ji, labarin ya ƙare a nan, kuna iya wucewa ku karanta shafin wasanni. Wanda ya tsaya kuwa, labarin itatuwa za mu ba shi, domin su ne suka biyo mu har gida.

Samun izini ya fi tafiyar kanta wuya. Duk wanda ya taso yana jin rediyo a gidansu ya san irin labarin da ake haɗa sunan Falgore da shi: 'yan fashi a hanyar Jos, ɓarayin shanu, masu satar mutane. Abin ya kai har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani ɓangare na dajin wurin atisaye. Saboda haka iyaye da dama suka ƙi sa hannu, kuma ba mu ga laifinsu ba. A ƙarshe mu 18 muka tafi da malamai uku, bisa sharaɗin da shugaban makaranta ya gindaya: a fita bayan asuba, kada a yi nisa da titi, kada a taka ko'ina sai da ma'aikacin gandu a gaba, kuma la'asar ta same mu a wajen daji. Abin takaici ne a ce daji mafi girma a jiharmu sai an yi masa shiri irin na shiga fagen fama, amma haka lamarin yake.

Muka bi ta Kiru, muka bar dajin Dansoshiya a gefe, inda gwamnatin jiha ta buɗe rugar makiyaya a 2020, muka fito Kwanar Dangora, sannan muka kama hanyar Tudun Wada. Malamin labarin ƙasa ya hana barci a mota. Ya ce kowa ya sa ido ta taga ya faɗa masa abin da ya canza. Da farko ba mu ga komai ba sai abin da muka saba gani tsakanin Karaye da Rogo bayan girbi: karan dawa a tsaye, ɗorawa a tsakiyar gona, kuka a bakin ƙauye, tsamiya, kaɗanya, gawo, da layin darbejiya a gefen titi. Sai wata 'yar aji biyar ta ce, "Malam, ai itatuwan nan kowanne shi kaɗai yake tsaye." Malam ya ce ta riƙe wannan magana, za a dawo kanta.

Wani abu kuma muka yi da kanmu, ba wanda ya sa mu. Muka fara ƙirga motocin da muke gamuwa da su ɗauke da itacen girki ko buhunan gawayi. Daga Kwanar Dangora zuwa bakin daji mun ƙirga 14, ban da babura da amalanke. Wasu daga gonaki suka ɗauko, wasu daga wasu dazuzzukan, amma duk fuska ɗaya suka nufa, wato wajen Kano, kuma duk an yi musu lodi har sun karkace.

Bayan Tudun Wada da 'yar tafiya sai gonaki suka fara ja da baya, itatuwa suka fara matsowa kusa da juna, har inuwar wannan ta haɗe da ta wancan. Mu da muka saba da inuwar da ake bi ana jawo tabarma, wannan baƙon abu ne a gare mu. Da muka sauka daga mota, abin da ya fara kama mu shi ne shiru. Ba ƙarar injin niƙa, ba lasifika, ba kukan jaki, sai ganye yana motsi da tsuntsaye can sama. Masu surutun ajinmu ma, kun san su, sai da suka rage murya ba tare da an ce su yi ba.

Ma'aikacin da ya yi mana jagora dattijo ne, muka riƙa ce masa Baba. Kafin mu taka ko'ina ya yi mana jarrabawa. Ya nuna itatuwa goma ya ce a faɗi sunayensu. A nan ne fa aka ga abin mamaki. Waɗanda suke zuwa na ɗaya a aji suka yi tsuru-tsuru, sai ga wani ɗan aji huɗu daga wani ƙauyen Rogo, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya jero bakwai babu gargada. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai yaro, ka taɓa kiwo ko?" Ya ce ya taɓa. Daga nan har muka fito shi ne a gaba tare da Baba, mu masu riƙe da biro muna biye.

Itacen da ya fi yawa shi ne doka, kuma da yawanmu ranar muka fara ganinta a tsaye, duk da mun san ƙauyuka masu sunanta. Inda wuta ta wuce, sai ka ga ta fito da sabon toho ja-ja a tsakiyar baƙar toka. Ga maje, dogo sambal, wanda ake samun ƙaron da iyayenmu mata ke turare da shi. Ga marke. Ga taura, ita dai wadda muke saye a bakin ƙofar makaranta, wasunmu ba su taɓa tunanin uwarta tana da girma haka ba. Ga ɗinya da kanya a bakin rafi. Maɗaci kuwa da wuya ka ga wanda jikinsa yake lafiya, kusan kowanne an sassaƙe ɓawonsa an kai kasuwa don magani. Baba ya nuna mana wani da aka sassaƙe shi zagaye, ya ce wannan ya riga ya mutu, ganyensa ne kawai bai sani ba tukuna, domin ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Malamin bayoloji ya yi ta murna, wai ga darasin da ya yi mako biyu yana zanawa a allo.

Muka gangara zuwa Kogin Kano. Da rani ne, saboda haka rairayi ya fi ruwa yawa, sai tafkuna nan da can. A nan muka ga garken jan biri a ɗaya gaɓar, suka tsaya suna kallonmu muna kallonsu, har babbansu ya gaji ya juya, sauran suka bi shi. Baba ya tsuguna yana karanta mana rairayi kamar littafi: wannan sawun gada ne, wannan na biri, wannan na zabi. Amma kowane sawun naman daji ɗaya, akwai na shanu hamsin a kansa. Ya ce lokacin da ya fara aiki ana ganin gwanki a wannan mashaya. Bai ƙara komai a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Shanun kuwa ba mu daɗe ba muka gamu da su, da wani yaro Bafulatani sa'anmu yana biye da sanda a kafaɗa. Ya gaishe da malamai cikin ladabi, muka ba shi ruwa da ƙuli-ƙuli. Ana yawan cewa makiyaya ne suka cinye daji, kuma gaskiya mun ga rassan kawo da maɗobiya da aka sare aka zubar wa shanu ganyen. Sai dai mu 'yan Karaye da Rogo bai kamata mu yi saurin nuna yatsa ba. Kowa a cikinmu ya san wani burtali a garinsu da gonaki suka matse har ya koma hanyar ƙafa, ko makiyayar da yanzu masara ce a cikinta. Saniyar da aka hana ta wucewa a Gwangwan ko Yammedi dole ta nemi wani wuri ta ci.

Abin da ya fi tsaya mana a rai yana can gaba kaɗan, ba nisa da titi. Fili ne da aka share, kututture ko'ina, a tsakiya kuma baƙin da'ira a ƙasa inda aka ƙona gawayi. Baba ya yi mana bayanin yadda ake yi. Ana sare itace a jera shi tuli, a rufe da ciyawa da ƙasa, a bar ƙananan kafofi, a kunna wuta ta ci a hankali na kwanaki ba tare da iska ta ishe ta ba. Idan aka tone, abin da ya rage shi ne gawayi. A irin wannan ƙuna ta gargajiya, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, sauran ya tafi a hayaƙi. Kuma ba kowane itace suke so ba, masu tauri suke zaɓa, musamman ƙirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin gawayinta ya fi kowanne riƙe wuta. Ita ce dai ƙiryar da ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, ake kuma yin daddawa da 'ya'yanta. Mun gwada rungumar wani kututture, sai da mutum biyu suka haɗa hannu.

A nan gardama ta tashi, kuma ba mu ɓoye muku ba, ta yi zafi. Wasu suka ce a kama masu sara a ɗaure. Sai wani ɗan ƙungiyarmu, wanda sana'ar gidansu sayar da itace ce, ya ce yana da tambaya ɗaya: a cikinmu wa ya karya da abincin da ba itace ko gawayi ne ya dafa shi ba? Mutum uku suka ɗaga hannu, su ma da aka matsa sai suka ce idan gas ya ƙare gawayi ake komawa. Ya ce to ɗumamen da muka ci fa, da shayin mai shayi, da ƙosan bakin tasha, da burodin da ake kawo mana, da tsiren da muke rububi ranar kasuwa? Kicin ɗin makarantarmu ma, kowa yana ganin tulin itacen da ake saukewa a bayansa kowane mako. Babu wanda ya ba shi amsa. Motocin nan 14 da muka ƙirga muna ta tsaki, ashe wasunsu ma gidajenmu za su ƙare.

Da muka zauna cin abinci a gindin wani maje, malamin labarin ƙasa ya fito da wayarsa ya nuna mana hoton wani gandun ƙasa a Turai don mu kwatanta. Tsibiri ne da ake kira Miliyet, a ƙasar Kuroshiya, cikin tekun Adiriyatik wanda reshe ne na Bahar Rum. Daji ya rufe mafi yawan tsibirin, kuma tun 1960 aka keɓe yammacinsa ya zama gandun ƙasa. Akwai tafkuna biyu na ruwan gishiri a ciki, itatuwa sun sauko har bakin ruwa. Su ma fa ba su tsira daga ɓarnar hannun ɗan Adam ba: a 1910 an kai musu tunku don ya rage macizai, ya gama da macizan ya koma kan tsuntsaye da ƙwansu. Wannan ya ba mu dariya, har wani ya ce ashe Bature ma yana yin gyaran gangar auzinawa. Amma abin da Malam yake so mu lura da shi daban ne. Can, teku ta kewaye daji, duk mai shiga sai ya hau jirgin ruwa, an san da zuwansa, ya sayi tikiti. Mutanen wurin kuma suna samun kuɗi daga baƙi, wani ya ba da hayar ɗaki, wani ya sayar da abinci, wani ya ba da hayar keke, saboda haka itace a tsaye shi ne jarinsu. Namu dajin kuwa kwalta ce ta tsaga shi biyu, mota tana shiga dare da rana, kuma mutumin ƙauyen da ke gefensa ba ya ganin ko sisi daga itace sai ranar da ya faɗi.

Sannan ya dawo kan maganar 'yar aji biyar. Ya ce ɗorawar da ke tsaye ita kaɗai a gonar Karaye ta kai shekaru tana nan, ba soja ba mai gadi, alhali ƙiryar da ke cikin gandun gwamnati ta tafi. Me ya sa? Mu da kanmu muka ba da amsa, domin mun sani. Ɗorawar tana da mai ita. Kowa a ƙauye ya san ta gidan wane ce, an san matan da ke cire kalwarta, kuma wanda ya ɗora mata gatari sai ya je gaban mai unguwa. Har a rabon gado ana ambaton itacen gona. Gawo ma manomi yana barinsa ne don ya san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina, bai hana shuka rana ba, ga taki a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Itacen gandu kuwa ana cewa na gwamnati ne, wanda a kunnen mutane da yawa ma'anarsa na wanda ya riga isa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da dajin da ke can Doguwa? Ruwanmu kuwa a zahiri yake, ruwa ne na sha. Kogin Kano da muka tsaya a rairayinsa shi ne yake zuba cikin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce kuma take shayar da shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure. Inda itace da ciyawa suka rufe ƙasa, ruwan sama yana nitsewa a hankali. Inda aka share, ruwa yana kwasar ƙasa ya zuba a kogi, kogi ya kai ta cikin dam ta kwanta, wurin ajiye ruwa ya yi ta raguwa. Mu ma muna da tamu a nan gida, madatsar Challawa da ke Karaye, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, mai tsawon kilomita 7.8 da tsayin mita 42, da aka tsara ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Kogin Challawa da Kogin Kano suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Hadeja. Bambancin shi ne Tiga tana da Falgore a samanta, komai lalacewarsa. Tamu kuwa gonakinmu ne a samanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi bayan ruwan farko ya ga yadda yake sauka jajir, ya ga ƙasar gonakin iyayenmu tana tafiya.

A hanyar dawowa malamin noma ya ba mu labarin da ya ɗan sanyaya mana rai, kuma ba na Turai ba ne, na 'yan uwanmu Hausawan Nijar ne. A jihar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan ƙwarara, kamar biyu zuwa biyar, a yanke sauran, a riƙa rage musu rassan ƙasa suna miƙewa. Tunda saiwar tana nan da ranta a can ƙasa, sai itacen ya tashi da sauri fiye da dashen da ake ban ruwa. A da, doka a can ta ɗauki itace a matsayin na hukuma ko da a gonarka yake, ana iya cin ka tara idan ka taɓa shi, saboda haka ba wanda yake son ya bari ya girma. Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, filin da ya ninka Jihar Kano sau biyu da ɗoriya. Ba su rufe gona sun mayar da ita gandu ba, hatsi suke nomawa a ƙarƙashin itatuwan, mata kuma suna samun itacen girki daga rassan da aka rage.

Mun shigo Karaye ana kiran magariba, mun cika sharaɗin shugaban makaranta, ko ɗan kwalin wani bai ɓata ba.

Washegari muka zagaya gonar makaranta tare da ɗan aji huɗun nan, wanda yanzu ya zama cikakken ɗan ƙungiya ba tare da ya cike fom ba. Mun sami kututture masu rai guda 23, yawancinsu kalgo da sabara, sai marke biyu da wata ƙaramar ɗorawa a kusa da katanga da ake sarewa duk shekara. Malamin noma ya yarda a gwada sassaben zamani a kansu, shugaban makaranta kuma ya amince a raba su tsakanin azuzuwa, kowane aji da nasa, a rubuta sunan ajin da sunan itacen a jikin ƙaramin allo. Za a fara ranar Asabar mai zuwa bayan sharar safe. Kowa ya zo da fartanyarsa. Adda biyu kawai za a fito da su daga sito, kuma a hannun Malam za su zauna. 'Yan aji ɗaya su ne za su karɓi ɗorawar.